Uwar Turaren Inna Falmata

Ƙamshin sukari ne, a daidai lokacin da ya fara ɗaukar launi a tukunya bai kai ga ƙauri ba, ya tare ni a bakin ƙofa ranar da na fara shiga ɗakin Inna Falmata a unguwar Abdulkafi. A bayansa akwai ƙamshin itacen sandal. A bayan sandal akwai wani abu mai nauyi da ban san sunansa ba a lokacin. Na tsaya da takalmina a hannu ina shaƙa, har tsohuwar ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Ko ki shigo ko ki fita, kina sa mini iska a wuta."

Ku da kuke zuwa wurina yanzu da waya a hannu, kuna nuna mini bidiyon minti uku, kuna cewa ai turaren wuta itace ne da sukari da madarar turare, saboda ku na zauna rubuta wannan. Ni ma haka na ɗauka. Na zo Sabha ta ƙasar Libiya daga Damagaram ina da shekara goma sha tara, da takardar bak ta gama sakandare a ƙasan jaka, jami'a ta gagara. Yayana Sani yana aikin gini a nan, shi ya kai ni wurin Inna Falmata, Babarbariya 'yar Diffa da ta yi shekara talatin tana yi wa matan garin nan turare. Na yi zaton wata ɗaya ya ishe ni.

Wata uku na yi ina kankare farce, ban taɓa muciya ba. Farce murfin wata halittar teku ce, siffarsa kamar farcen mutum, shi ya sa ake kiransa haka. Shi ke riƙe ƙamshi a jikin tufa har a wanke ta sau biyu bai fita ba. Amma yana zuwa da ragowar nama a manne. Sai an jiƙa shi, a bi shi ɗaya bayan ɗaya da 'yar wuƙa, a wanke da lemon tsami, a shanya a inuwa, a soya cikin yashi mai zafi, sannan a daka. Idan aka bar ko ɗan ɗigon nama, ƙarni yana nan kwance. Ba ya fitowa a kwalba. Sai ya hau garwashi.

Kayan aikin Inna ba su da yawa. Tukunyar ƙarfe mai kaurin gindi, muciya da ta yi baƙi don tsufa, ƙaramin turmi, rariya, kaskon yumɓu, da kwalabe jere a kan katako. Babu sikeli. Da tafin hannu take awo, madarar turare kuma da murfin kwalba. Wannan ya dame ni, kuma dole in gaya muku dalili.

A ajin ƙarshe na lise, wato sakandare, malaminmu na filo, darasin falsafa, ya raba mana allo biyu, ya ce masana sun daɗe suna jayayya a kan inda sani yake fitowa. Wasu sun ce mutum yana zuwa duniya kamar wankakken allo, ido da kunne da hanci da harshe da fata su ke yin rubutu a kai, abin da bai bi ta waɗannan ƙofofi ba bai shiga ba. Wasu suka ce ƙofofin nan maƙaryata ne, sanda tana karyewa a ido idan an tsoma ta a ruwa alhali lafiyarta lau. Sani na gaskiya daga hankali yake tasowa, kamar yadda biyu da biyu suke huɗu ko mutum ya rufe idonsa, kuma da irinsa aka haife mu. Ni na bi na biyun. Hanyar hamada ta ƙara mini ƙarfi, domin kwana biyu ina ganin tafki yana walƙiya a gabanmu, har na taɓa direba na ce ga ruwa. Ya yi dariya ya ce, "Kawalwalniya ce, 'yar lakwal, 'yar boko. Idan kika bi idonki a nan, sai dai a tsinci ƙashinki."

Don haka da kuɗina na farko na sayi kaye, littafin rubutu mai bango shuɗi, da ɗan sikeli. Duk abin da Inna ta ɗebo, sai in tare hannunta in auna kafin ya shiga tukunya.

"Me kike rubutawa, 'yar lakwal?"

"Awo, Inna. Idan na san awon, ko ba kya nan zan iya."

"Ko ba na nan. To ki yi haƙuri, ina nan tukuna."

Ta karɓi kayen ta kai hancinta, ta shaƙa da gaske, ta mayar mini. "Takarda nake ji. Hanci shi ne malami. Abin da bai shiga nan ba, ba ki san shi ba, ko kin cika littafi goma."

Wata rana kuma, muna fasa itacen hawi, ta ba ni labarin ƙanwarta. Uwa ɗaya ta koya musu, a ɗaki ɗaya, hayaƙi ɗaya suka shaƙa tun suna goye, amma turaren ƙanwar har yau kamar an zuba kasuwa a kasko. "Akwai abin da ake zuwa da shi daga ciki," in ji ta. Na ce, "Inna, ai kin sauya layi. Jiya kin ce duk a hanci ake samu." Ta dube ni ta ce, "Kai ni wurin alƙali. Kafin nan je ki duba farcenki."

Kada ku ɗauka kayen nan bai yi aiki ba. Ya yi. Dafa sukari shi ne inda sabon hannu yake faɗuwa: ana narka shi da ruwa da lemon tsami har ya ja zare tsakanin yatsa biyu, sannan a zuba itacen a juya da sauri. Na lura zaren da ya isa a watan zafi bai isa a lokacin sanyin Sabha ba, sai na ja layi na raba shafin biyu. Cikin shekara biyu turarena ya daina sauyawa daga tukunya zuwa tukunya. Ranar da aiki uku ya haɗu mana, na ga Inna tana satar kallon shafin, ko da yake ba ta iya boko ba.

Masu sayenmu iri-iri ne. Matan Libiya suna zuwa da 'ya'yansu mata idan biki ya matso, su zauna a sha shayi sau uku kafin a ambaci abin da ya kawo su. Direbobin hanyar Agadas suna sayen na matansu, ba su san sunan komai ba, sai dai su ce irin na bara. Akwai kuma 'yan'uwanmu mata masu wucewa arewa zuwa bakin teku, da 'yar jaka ɗaya. Wata 'yar Maraɗi ta taɓa zuwa ta ce ba saye za ta yi ba, a ɗan sa mata a kasko ta ji. Ta rufa mayafinta a kai ta shaƙa, ta tashi ta yi godiya ta tafi. Inna ba ta taɓa hana irin wannan ba.

A can ƙarshen katako akwai wata babbar kwalba da aka ɗaure wa baki da tsumma. Ita ce uwar turare. Duk tukunyar da ta yi kyau, Inna takan ɗebi tafi ɗaya ta zuba a ciki, ta kuma ɗebo tafi ɗaya daga ciki ta sa a sabuwar. Daga hannun mahaifiyarta ta taho da ita. Ta ce akwai abin da kakarta ta juya a ciki. Na zauna na yi lissafi na ce mata bayan ɗiba da ƙari na shekaru haka, na kaka ko ƙwaya ba ta rage ba. Ta ce, "Lissafinki ya ce babu. Buɗe ki ji." Na buɗe. Na shaƙa, amma ban goge lissafin ba.

Sai shekarar korona ta zo. Aka rufe iyakoki, ɗan kasuwan da ke kawo mana farce ta hanyar Cadi bai zo ba. Inna ta kwanta da zazzaɓi mako biyu, ta tashi a rame, ta koma kan tabarmarta kamar ba a yi komai ba. A tsakiyar wannan ne Hajja Mabruka ta zo daga garin Ghuddwa. Balarabiya ce, masu gonar dabino, mijinta ya yi fatauci zuwa Agadas shekara da shekaru, don haka tana jin Hausar kasuwa. 'Ya'yanta huɗu da turaren Inna aka kai su ɗakin miji. Yanzu saura auta, za a yi biki bayan an sauke dabino. Kwalba biyar take so.

Na zaga kasuwa na samo farce a wani shago. Ya fi wanda muka saba kauri, ya fi shi duhu. Na buɗe kaye na bi shi layi-layi: jiƙo kwana uku, kankara, wankin lemon tsami sau biyu, shanya, suya har ya yi ja. Da na sauke shi daga yashi na sunkuya a kai, sai na ji wani abu siriri kamar zare, can a ƙasa, irin abin da ake ji idan an wuce rumfar masu busasshen kifi. Na sake shaƙa, ya ɓace. Na sake, ya dawo.

Ga yadda na yi tunani, kuma ina so ku bi shi a hankali, domin babu rami a cikinsa da za ku gani. Duk farcen da aka bi wa matakan nan ya tsarkaka, shekara biyu ban ga saɓani ba. Wannan an bi masa su. Saboda haka ya tsarkaka. Abin da hancina ya ji kuwa, ai na riga na san ƙofofin nan suna ƙarya, na ga tafki a inda babu ɗigon ruwa. Wataƙila maƙwabta ne suka soya kifi. Duk da haka na ɗauki faranti na kai wa Inna. Ta sunkuya a kai, ta daɗe fiye da yadda ta saba, ta ɗago ta ce, "Ya yi." Shaidu biyu ke nan a kan hanci ɗaya. Na daka, muka haɗa, muka rufe kwalabe kwana arba'in su tsumu, muka aika Ghuddwa a taksi.

Saura kwana tara biki Hajja Mabruka ta yi sallama, da kwalba ɗaya a naɗe cikin zane. Ta gaida Inna da jiki, ta tambayi mutanen Diffa, ta sha shayi. Sannan ta ce a kawo garwashi. Da hannunta ta ɗora. Sandal ya fara tashi, mai kyau, har na saki numfashi. Sai ƙarnin ya biyo shi, ya cika ɗakin, ya zauna a kan labule da tabarma. Inna ba ta kalli hayaƙin ba. Fuskata ta kalla. Na ɗauka tuhuma ce, na sunkuyar da kai.

"Falmata," in ji Hajja Mabruka a hankali, "yarinya huɗu turare naka ya kai shi gida miji. Wannan na biyar, kifi ne zai kai shi?"

"A'a, ya Hajja."

"Ni da 'yar'uwa nawa kawai ya ji. Ni bai faɗa ma kowa ba. Amma ranar biki mata ɗari zai zauna, zai tambaya buhur na wa."

Ba ta buƙatar ƙarin bayani. A garin nan sunan mai turare a zauren biki yake rayuwa, a nan kuma yake mutuwa. Kasko ɗaya ya zaga cikin mata da wari, shekara talatin ta tafi, kuma baƙuwa ba ta da dangin da za su tsaya mata. Inna ta ce, "Ki ba ni kwana bakwai." Hajja Mabruka ta dube ta, ta ce bakwai, ta bar kwalbar ta tafi.

Da ƙofa ta rufe na ce, "Inna, na ji shi tun ranar suya."

"Kin ji?"

"Na ji."

"Kika yi shiru."

"Kaye ya ce daidai ne. Ke ma kin ce ya yi."

Ta daɗe tana jan carbi. "Ni ma na ce," in ji ta. Can ta ƙara da cewa, "Daga yau ba zan sake shinshina miki komai ba. Ke za ki ji, ki faɗa mini da baki. Jarrabawa ce."

Ta ja tabarmarta zuwa bakin ƙofa, nesa da murhu. Ta ce in miƙo mata ragowar ɗanyen farcen. Ta juya ɗaya a yatsunta, ta ƙwanƙwasa shi a haƙori. Ta ce tunda ya fi kauri, ba a samansa kaɗai naman yake ba, ya shiga tsakanin ɓawo da ɓawo, inda ruwan kwana uku bai kai ba. A tsaga kowanne da wuƙa, a tafasa da lemon tsami maimakon jiƙo tunda babu lokaci, a soya sau biyu. Ba ta taɓa ganin irin farcen nan ba, ita ta faɗa. Daga kaurinsa kawai ta gano inda ƙarnin ya ɓuya. Na tsaga, sai ga baƙin zare a ciki kamar yadda ta ce.

Kwana uku ina tsaga farce har yatsuna suka fashe. Ranar haɗi na tsaya a kan tukunya, ita tana can tana tambaya.

"Me kika ji?"

"Ƙamshi mai daɗi."

"Daɗi ba magana ba ce. A ina ya tsaya? Gaban hanci ko maƙogwaro?"

Na rufe ido. "Maƙogwaro."

"To sukari yana neman wucewa. Janye itace ɗaya daga wuta. Ƙara kajiji rabin tafi. Yanzu za ki ji ɗaci, kada ki tsorata, ƙirga goma zai tafi."

Na ƙirga. A na tara ya tafi. Haka muka yi ta yi, ni ina faɗin abin da ya shigo hancina, ita tana faɗin abin da zai biyo baya tun bai zo ba. Har ta ce in buɗe kaye in karanta mata awon da muka yi wa wata amarya bara, ta rage nan, ta ƙara can, duk a ka. Na tsaya da muciya a hannu ina kallonta. Abin da na yi imani da shi tun daga aji, hankalin da ke kaiwa ga gaskiya ba tare da ya taɓa abu ba, ga shi yana aiki a bakin matar da ta fi kowa yi masa dariya. Ni kuma mai lissafi an mayar da ni hanci zalla.

Saura matsala ɗaya. Sabon turare ɗanye ne, madarar tana sama, itacen bai sha ba, kwana arba'in yake so. Mu kwana biyu ya rage mana. Inna ta ce in sauko da uwar turare.

"Tafi nawa, Inna?"

"Duka."

"A rage ko tafi ɗaya mana. Na kakarki ne."

"Ba ke kika ce babu na kaka a ciki ba?" Ta ɗan murmusa, murmushin bai daɗe ba. "Kwalba biyar na ɗanye yana son kashi ɗaya cikin uku na tsoho kafin ya rufe shi. Abin da ke nan da ƙyar ya kai. Idan muka rage, ɗanyen zai leƙo. Juye."

Na juye. Ta karɓi kwalbar babu komai ta riƙe a cinya, ta mayar da tsumman ta ɗaure. Ta ce kada in wanke.

Rana ta shida na ɗora kaɗan a garwashi. Na bar sandal ya wuce, na jira abin da ke bayansa, na jira na bayan wannan, har garwashin ya yi toka. Na ce, "Inna, wannan kam ki zo ki ji da kanki."

"Na ce miki jarrabawa ce. Ya yi ko bai yi ba?"

Babu kaye da zan duba, babu wanda zan jingina da shi. Sunanta na shekara talatin yana kan abin da zan faɗa. Na sake ɗora wani, na sake jira.

"Ya yi."

"To ya yi."

Ni na kai shi Ghuddwa washegari, kwalaben a cinyata cikin taksi. Ana ta shanyar dabino a kan tabarmi a tsakar gida. Hajja Mabruka ta ɗora a kasko, ta rufa gefen mayafinta a kai, ta jira kamar yadda na jira. Ta buɗe ido ta ce, "Wannan Falmata ne." Ta sa aka cika mini kwali da dabino in kai mata.

Shekara uku muka ƙara a haka. Ba ta janye jarrabawar ba ko sau ɗaya. Ina kai kasko, tana tambaya, ina neman kalma, tana yanke hukunci. Daga tukunyar farko da ta yi kyau bayan bikin muka zuba tafi ɗaya a kwalbar nan da ba a wanke ba. Da ƙafafunta suka gaza ta koma Diffa wurin 'yarta Yagana, ta bar mini tukunya da muciya da kwalbar.

Shi ya sa duk wadda ta zo koyo wurina take yin wata uku a kan farce, shi ya sa kuma nake sa ta sayi kaye. A jarrabawar bak na cika shafi huɗu ina nuna cewa hankali ne tushen sani, aka ba ni maki mai kyau. Yau da za a sake ba ni tambayar, zan daɗe ban ɗora alƙalami ba. Lissafina bai yi kuskure ba ranar suya, farcen ne ba irin wanda lissafin ya sani ba, kuma hanci ne kaɗai ya lura. Hancin kuma bai san abin yi ba sai da wata ta zauna a bakin ƙofa ta yi tunani. Shi wannan tunanin nata, shin shekara hamsin na hayaƙi ne ya taru ya zama shi, ko da shi ta zo kamar yadda ƙanwarta ba ta zo da shi ba? Na tambaye ta sau ɗaya. Ta ce in duba wutata.

Bara Allah ya yi wa Inna rasuwa. Na kira Yagana in yi mata gaisuwa. Bayan addu'a na ce mata ban taɓa ganin malama irin mahaifiyarta ba, shekara uku ta hana kanta shinshina aikina don kawai in koyi tsayawa da ƙafata. 

"Ba ta faɗa miki ba?" in ji Yagana. "Ai tun zazzaɓin nan da ta yi a can, Inna ba ta ƙara jin ƙamshi ko wari ba. A nan gida tuwo ya ƙone a gabanta, sai jikoki ne suka gaya mata."